Me Ya Fi Kashe Mutane a Ƙasa? Yadda Ake Haɗa Jerin da Abin da Yake Ɓoyewa

Tsohuwa ce mai shekara 83. Ta zame a banɗaki da asuba, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka kai ta asibiti aka yi mata aiki, aikin ya yi kyau, amma ta kasa tashi daga gado. A sati na uku tari ya sarƙe ta, zazzaɓi ya biyo baya, likita ya saurari ƙirjinta ya ce namoniya ce. Bayan kwana biyar zuciyarta ta tsaya. Dama ta shekara ashirin tana fama da ciwon suga, ga hawan jini.

To, me ya kashe ta?

'Ya'yanta za su ce kwana ne ya ƙare, kuma ba su yi ƙarya ba. Nas ɗin da ta kwana a kanta za ta ce namoniya. Amma a littafin ƙididdigar ƙasa, inda kowane mamaci layi ɗaya tak yake da shi, faɗuwa za a rubuta mata. Za ta shiga rukunin haɗurra, ita da wanda mota ta kaɗe da wanda ya nutse a ruwa. Suga da hawan jinin da suka shekara ashirin suna cin ta ba za su fito a jerin ba ko kaɗan.

Duk wanda ya taɓa ganin labari mai kanun “cututtuka goma da suka fi kashe mutane” ya kamata ya san wannan tun farko. Jerin nan haɗa shi ake yi, bisa wasu ƙa'idoji, kuma idan aka sauya ƙa'ida jerin ma yakan sauya ko da mamatan su ne dai ba su canza ba.

Ƙa'idar farko tana jikin takardar shaidar mutuwa da likita ke cikewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara ta ne kamar tsani. A layin sama likita zai rubuta abin da ya ƙarasa mutum, a na ƙasa da shi abin da ya jawo wancan, haka har a kai layin ƙarshe, inda bakin zaren yake. Na tsohuwarmu: namoniya, saboda doguwar kwanciya, saboda karaya, saboda faɗuwa. Abin da ke layin ƙarshe shi ake kira tushen sanadi, wato ciwo ko raunin da ya fara tayar da jerin abubuwan da suka kai ga mutuwa, kuma shi kaɗai ake ƙirgawa. Hikimar ita ce a gano inda za a iya tsinke zaren tun da wuri. Da ba ta faɗi ba da ba a kai ga namoniya ba. Sauran cututtukan da suka taimaka akwai wani sashe na biyu da ake jera su, amma da wuya su kai ga kanun labarai.

Daga nan sai a ba sanadin lamba daga wani babban kundi na rabe-raben cututtuka da ake kira ICD. Asalinsa jerin da wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, kuma bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ƙirga sanadin mutuwa ya girmi kundin nesa ba kusa ba. A 1662 wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya tattara takardun mace-mace da ake fitarwa duk mako a birnin ya yi musu lissafi. A cikinsu akwai waɗanda aka ce “haƙora” ne suka kashe su, akwai na “baƙin ciki”, akwai na “firgita”. Masu duba gawa a lokacin tsofaffin mata ne da ba su karanta likitanci ba, abin da ido ya gani suke faɗa. Duk da haka Graunt ya iya ƙiyasta cewa wajen kashi 36 cikin 100 na yara ba sa kaiwa shekara shida. Ya kuma lura da wani abu da har gobe yana nan: masu mutuwa da tunjere sun yi kaɗan a takarda fiye da yadda hankali zai ɗauka, domin dangi kan ɗan shafa wa masu duba gawar hannu a rubuta wani ciwon da ba abin kunya ba.

Idan aka haɗa duniya gaba ɗaya, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna mutum miliyan 55.4 ne suka rasu a shekarar. Ciwon zuciya na toshewar jijiyoyi ne kan gaba da miliyan 8.9, kashi 16 cikin 100 ke nan. Shanyewar ɓarin jiki na biye da kashi 11, sai cutar toshewar huhu mai daɗewa da kashi 6. Bayansu akwai namoniya da danginta, matsalolin jarirai sababbin haihuwa, kansar huhu, cutar mantuwa ta tsufa, gudawa, suga da ciwon ƙoda. Bakwai cikin goman nan ba cututtuka ne masu yaɗuwa ba. A 2021 korona ta kutso ta zauna a mataki na biyu, adadin mamata kuma ya haura zuwa miliyan 68.

Sai dai babu ƙasar da ke rayuwa a “matsakaicin duniya”. A rukunin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, a wannan shekarar ta 2019, matsalolin jarirai ne na ɗaya: bakwaini, jaririn da ya shaƙe wajen haihuwa, wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa a kwanakin farko. Namoniya ce ta biyu, kuma zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da ƙanjamau duk suna cikin goma. Abin da mutane da yawa ba sa tsammani shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne na uku da na huɗu a wannan jerin na matalauta. Maganar cewa hawan jini da ciwon zuciya na masu kuɗi ne ta daɗe da tashi aiki. Ƙasashen nan kaya biyu suke ɗauke da su a lokaci guda, tsofaffin cututtuka ba su tafi ba sababbi sun iso.

Ƙasashen da yau ake kira masu arziki ma ta nan suka biyo. A Amurka a 1900, namoniya da mura, tarin fuka, da gudawa su ne uku na farko, ciwon zuciya na huɗu. Matsakaicin tsawon rai shekara 47 ne, kuma cikin kowane mamaci goma, uku yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Zuwa 1921 ciwon zuciya ya hau kujerar farko, bai sake sauka ba har yau. A 2019 ya kashe Amurkawa wajen 659,000, cutar kansa ta kashe kusan 600,000, haɗurra suka zo na uku da wajen 173,000. Wani masanin lafiyar al'umma ɗan asalin Masar, Abdel Omran, shi ya yi wa wannan sauyi fasali a 1971: al'umma kan tashi daga zamanin annoba da yunwa, ta ratsa lokacin da annoba ke ja da baya, ta shiga zamanin cututtukan tsufa da waɗanda ɗan Adam ya jawo wa kansa. Tsabtataccen ruwa, magudanan ƙazanta, wadatar abinci, allurar rigakafi, daga baya kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta, su suka yi aikin.

A nan ne ake yawan yi wa jerin gurguwar fahimta. Mutum ya ga cutar kansa ta hau mataki na biyu sai ya ce duniya ta lalace, cututtuka sun yi yawa. Alhali mutuwa rigar kowa ce, kuma jimillar kason dole ta cika ɗari. Yaron da gudawa ba ta kashe yana shekara biyu ba, shi ne dattijon da kansa za ta samu yana shekara saba'in. Hawan ciwon zuciya zuwa saman jeri, a lokuta da dama, shaida ce ta cewa mutane sun fara daɗewa a duniya. Shi ya sa masana ba sa kwatanta ƙasa da ƙasa da ɗanyen adadi. Rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 ko 16 ba, rabin mutanen Japan kuwa sun haura 48. Idan ka ƙirga mace-mace cikin kowane mutum dubu a shekara, na Japan ya fi na Nijar yawa, kuma babu mai hankalin da zai ce asibitocin Japan ne suka gaza. Ƙasa ce ta tsofaffi. Sai an daidaita lissafin da shekaru, an kwatanta ɗan hamsin da ɗan hamsin, sannan gaskiya ke fitowa. Da aka yi wa Amurka irin wannan lissafin, sai ga shi haɗarin mutuwa da ciwon zuciya ya ragu da wajen kashi biyu cikin uku tun daga shekarun 1960, na cutar kansa kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tun 1991. Suna nan a na ɗaya da na biyu, amma ƙarfinsu ya ragu sosai. Matsayi a jeri ba ya nuna wannan.

Akwai kuma batun yadda aka yanka naman. A 2016 ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya sanar cewa a alƙaluman 2015 cutar mantuwa ta zama ta ɗaya wajen kashe mutane a Ingila da Wales, da kashi 11.6 cikin 100, ta ɗan zarce ciwon zuciya mai kashi 11.5. Jaridu suka ɗauka. Amma ofishin yana raba cutar kansa ne gida-gida, ta huhu daban, ta hanji daban, ta mama daban. Da an haɗe su wuri ɗaya kamar yadda Amurka ke yi, kansa ce ta ɗaya da tazara mai yawa, domin ta ci sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan. Ƙari a kan haka, an sauya ƙa'idojin ba da lamba a 2011 da 2014, ta yadda tsohon da ke da cutar mantuwa ya mutu da ciwon ƙirji, wanda a da za a rubuta masa namoniya, yanzu mantuwar ake rubuta masa. Cutar ta ƙaru da gaske saboda yawan tsofaffi, amma wani ɓangare na hawan nata a ofis aka yi shi.

Duk wannan magana ce ta ƙasashen da ke rubuta mamatansu. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce cikin kowace mutuwa goma a duniya, huɗu ba a yi musu rajista kwata-kwata. A nahiyar Afirka ɗaya ce kacal cikin goma ake rubutawa. Mutum ya rasu a gida, ko a hanyar asibiti, an rufe shi, babu likitan da ya gan shi balle takarda. Ko inda aka cike takardar ma, sau da yawa abin da ke ciki ba ya amfanar kowa. Likitan da ya kwana yana aiki ya rubuta “tsayawar zuciya” ya sa hannu. To wane mamaci ne zuciyarsa ba ta tsaya ba? Masu nazarin alƙaluma suna da sunan raini da suke kiran irin waɗannan, lambobin shara, kuma sai sun bi su sun rarraba wa cututtukan da ake kyautata zaton su ne. Saboda haka idan ka ga an jera wa irin wannan ƙasa cututtuka goma har da ɗigo da kaso, ka san cewa ƙiyasi ne da aka gina da kwamfuta daga binciken gida-gida, bayanan wasu asibitoci da na maƙwabtan ƙasashe. Hukumar Lafiya ta Duniya na yin nata, cibiyar nazarin alƙaluman lafiya ta IHME da ke Seattle a Amurka na yin nata, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Ni dai ban ɗauki ƙiyasin a matsayin shaci-faɗi ba, aiki ne na ilimi, ya kuma fi zama cikin duhu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yaɗa shi kamar an ƙirga gawa ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar da aka fi dogara da ita wajen cike giɓin ita ce binciken baka. Bayan an share makoki da 'yan makonni, ma'aikaci zai je gidan ya zauna da wanda ya yi jinyar. Ya yi zazzaɓi? Kwana nawa? Tari fa, da jini ko babu? Ƙafafunsa sun kumbura? Idan mace ce, tana da ciki, ko ta haihu cikin sati shida da suka wuce? Idan jariri ne, ya yi kuka da aka haife shi? Ya kama nono sannan ya daina? Likitoci ko manhaja su duba amsoshin su fitar da sanadi. Hanyar tana gane haɗarin mota, mutuwar haihuwa ko saran maciji cikin sauƙi, amma idan aka zo kan zazzaɓi sai ta fara lalube, don cututtuka da yawa da zazzaɓi suke sallama.

Indiya ce ta gwada wannan a mafi girman sikeli, a wani bincike da masanin lafiyar al'umma Prabhat Jha ya jagoranta tare da ofishin rajistar ƙasar, inda aka bi gidaje sama da miliyan ɗaya. Abin da ya fito ya girgiza mutane. Saran maciji kaɗai ya kashe wajen mutum 46,000 a 2005, ninkin-ba-ninkin abin da asibitocin gwamnati ke bayarwa, domin manomin da maciji ya sara a gona da wuya ya kai gadon asibiti. Kan zazzaɓin cizon sauro kuwa binciken ya ƙiyasta wajen 200,000 a shekara, a lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa 15,000. An yi ta ja-in-ja a kai, hukumar na cewa an jingina wa sauro zazzaɓin da ba nasa ba. Duk wanda ya fi gaskiya a cikinsu, tazarar kanta ta isa ta nuna yawan mamatan da babu wanda ya san abin da ya ɗauke su.

Abin da Graunt ya gani game da tunjere ya maimaita kansa a Afirka ta Kudu. Shekara da shekaru tarin fuka ne a saman jerin hukuma, ƙanjamau na can ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙanjamau ne ke rusa garkuwar jiki, tarin fuka ya ƙarasa. Bisa ƙa'ida ƙanjamau ne tushen sanadi, amma likitoci na tausaya wa iyali saboda tsangwama, wani lokacin kuma ba a ma yi gwajin ba. A 2001 Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar ta duba shekarun masu mutuwa, ta ga 'yan ashirin da talatin ne ke zubewa, musamman mata, ta ce ƙanjamau ne ke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen shekarar 2000, kuma shi ne na ɗaya. Gwamnatin lokacin ba ta ji daɗin rahoton ba. Irin wannan dabara, ta kwatanta yawan waɗanda suka mutu da yawan da aka saba gani, ita aka yi amfani da ita a kan korona: ƙasashe sun ba da rahoton mutum miliyan 5.4 a 2020 da 2021, amma rarar mace-macen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta kai miliyan 14.9.

Wani abin da jerin ke yi shi ne yana daidaita mutuwar ɗan shekara 90 da ta ɗan shekara 19, kowa ɗaya. Idan aka koma ƙirga shekarun rayuwa da aka yi asara, sai tsarin ya birkice. Haɗarin hanya na kashe wajen mutum miliyan 1.19 a shekara, bai kai ko kusa da ciwon zuciya ba, amma shi ne na ɗaya a duniya tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe wajen 608,000 a 2022, kusan dukansu a Afirka, kuma mafi yawansu ba su kai shekara biyar ba. A Amurka, shan ƙwaya fiye da kima ya kashe sama da mutum 100,000 a 2021, akasari masu jini a jika, amma a jerin goma ba za ka ga sunansa ba, yana lulluɓe cikin “haɗurra” tare da tsohuwar da ta zame a banɗaki. Ministan lafiyar da ya raba kasafinsa bisa jerin goma kawai zai tura kuɗin wajen tsofaffi ya bar matasa.

Sannan babu takardar shaidar mutuwa da ake rubuta “taba” ko “gishiri” ko “hayaƙi” a layin ƙarshe. A 1993 wasu likitoci biyu, Michael McGinnis da William Foege, suka sake lissafin mamatan Amurka na 1990, suka tambayi abin da ke bayan cututtukan. Taba ta fito ta ɗaya da wajen 400,000, rashin kyawun cima da rashin motsa jiki 300,000, giya 100,000. A duniya yau taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, amma a jeri ta rarrabu, wasu na ƙarƙashin kansar huhu, wasu ciwon zuciya, wasu toshewar huhu. Hawan jini ya fi ta ɓarna, shi ke tura mutane zuwa na ɗaya da na biyu a jerin, kuma da yawan masu shi ba su ma san suna da shi ba. Wanda ya tsaya kan sunan cutar kawai ya bar jaki yana dukan taiki. Finland ta gane haka da wuri. A ƙarshen shekarun 1960 mazan yankin Karelia ta Arewa na cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin matashin likita Pekka Puska, aka tunkari taba, kitsen dabbobi, gishiri da awon jini, aka shiga da kamfanonin abinci da ƙungiyoyin mata. Cikin shekara arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki da ciwon zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100 a yankin.

Japan ce misalin da ya fi ba ni sha'awa, don jerinta ya juya sau da yawa cikin rayuwar mutum ɗaya. Tarin fuka ne na ɗaya har zuwa 1950. Daga 1951 shanyewar ɓarin jiki ya karɓa ya riƙe shekara talatin, sai kansa ta hau a 1981, tana nan har yanzu. A 2018 kuma wani sabon abu ya shigo mataki na uku, ya ture shanyewar ɓarin jiki: tsufa. Haka kawai likitoci ke rubutawa, kuma jagorar ma'aikatar lafiyarsu ta yarda, idan mamacin ya manyanta kuma babu wani ciwo takamaimai da za a nuna. Sama da mutum 100,000 aka rubuta wa hakan a shekarar, adadin kuma ƙaruwa yake ta yi. A idon masu ƙididdigar duniya “tsufa” na cikin lambobin sharar nan da ake rarrabawa. Likitocin Japan kuwa na ganin ɗan shekara 96 da ya rage cin abinci, barci ya yi masa yawa, wata rana bai farka ba, kuma ba su ga dalilin huda masa jiki da gwaje-gwaje don a samu sunan da za a cike layi da shi ba. Ƙasar da ta fi kusan kowa iya rubuta mamatanta ta dawo kan amsar da 'ya'yan tsohuwar nan suka bayar tun farko, kuma har yanzu masu kundin ba su daidaita kan inda za su ajiye ta ba.